Rasuwar Hajja Toka Ana Ci Uku da Nema

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, iyalan marigayi Malam Ari na unguwar Birni, a nan Damagaram, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Hajja Toka, na'urar wasan tele ta gidansu, wadda ta cika da yammacin wata Lahadi cikin watan nan, bayan gajeruwar rashin lafiya da ba ta kai tsawon atishawa ba. An yi jinkirin fitar da sanarwa ne saboda babban mai rashin, Yaya Kyari, ya ƙi yarda ta mutu. Ya yi ta hura mata iska, yana girgiza ta, yana kara kunne a cikinta, sai da matarsa Nafisa ta ce ko dai ya haƙura ko ya fitar da gawar daga ɗakin kwana.

Rashin kuwa biyu ya zo masa. Tun ranar da abin ya faru, amininsa Mushe Bitrus, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, wanda bai taɓa fashin zuwa gidan nan ranar Lahadi ba tun suna yara, ya ɗauke ƙafa. Ba ya ɗaga waya, ba ya amsa saƙo. An aika masa gaisuwa, ya ce a gai da mai gaisuwar.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa da babu wanda ya iya karanta sunanta a gindin akwatin. Ta shigo Damagaram daga Kano shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, naɗe cikin zanen atamfa a ƙasan kayan Malam Ari, tare da manet biyu da ake riƙewa a buga wasan, waya mai kai uku, da kaset guda na ƙwallo. Tun ranar farko aka haɗa ta da tsohuwar telen gidan, mai ƙatuwar ƙeya, wadda sai mutum biyu sun yi nishi kafin ta ɗagu. Aka soka rawaya a rawaya, fara a fara, ja a ja, hoto ya fito, gida ya ɗauki ihu. Amma hoton baƙi da fari ne. Mai gyara ya duba ya ce babu cuta, yare ne ya bambanta: Hajja irin launin Najeriya take magana da shi, telen kuwa irin na Faransa take ji. Suka zauna a haka cikin mutunci, ba mai tona asirin wata. Daga nan ta sami sunanta, don komai ta nuna maka toka-toka ne, daga ciyawar fili har rigar gola.

Hajja Toka mace ce mai haƙuri da kawaici. Ta ga ɗaukewar wuta iri-iri, ta sha zafin bazara a zaure ba fanka, an taɓa zubar mata da shayi a baki, ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Ba ta taɓa neman intanet ba, ba ta taɓa cewa a jira ta tana sabunta kanta ba. In ta tashi da gajiya, a zare kaset a hura masa, fuu fuu, a mayar, shi ke nan ta wartsake. Masu makoki ba za su manta da muryarta ba: tilin-lin-lin in ta farka, fiiit in alƙalin wasa ya busa, da kuma shhhhh na 'yan kallo in an ci, wanda Nafisa ta sha zaton mai ne ya ƙone a kasko ta fito da gudu.

A hannunta ne Yaya Kyari ya zama abin da ya zama. Shekara talatin yana buga ƙwallo da Mushe Bitrus kowace Lahadi, in Mushe ya taso daga majami'a ya ci abinci, shi kuma ya yi sallar azahar, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa cin shi ba. Ko sau ɗaya! Har kofi suka yi, wani murfin tukunyar shayi da aka ɗaura wa jan zare, yana rataye a ƙusa a zaure, ƙurar shekaru a kansa don bai taɓa canza gida ba. A fadarsu ta shan shayi Kyari ba ya buɗe baki bai ambaci kofin nan ba. Shi kuwa Mushe, bawan Allah, mutumin da ke koya wa 'ya'yan mutane lissafi, sai ka gan shi ya ɗauko ƙwallo da kyau ya miƙa wa ɗan wasan Kyari da ladabi. Ya canza tabarau sau nawa a kan wannan magana. Kullum in ya tashi tafiya sai ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Lahadi mai zuwa, Kyari. Sai na ga bayanka." Kyari ya ce, "Allah ya kai mu, Mushe. Ka zo da wasu idanun."

Dokar gidan ita ce mai na'ura ke zaɓar wa kowa riga. Akwai masu farar riga tas a cikin kaset ɗin, amma Kyari ya ce farar riga tana sa Hajja zazzaɓi.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da Nafisa ta gaji da marin tsohuwar tele kafin ta nuna labarai, ta sa aka kawo sabuwa, siririya kamar faranti, aka manna ta a bango. Tsohuwar aka kai ta ɗakin ajiya tsakanin buhun hatsi da keken ɗinki. Kyari ya ɗauko waya mai kai uku ya leƙa bayan baƙuwar, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, babu rawaya, babu fara, babu ja. Wani siririn rami kawai gare ta, wai HDMI, ita ta nan kaɗai ake mata magana. Girman kai dai irin na 'yan yanzu. Kyari ya ce to a bar Hajja da tsohuwar ƙawarta, sai a riƙa wasa a ɗakin ajiya, ai hatsi ba ya cizo.

Sai ga Mushe Bitrus da wani ɗan akwati da ya samo a kasuwar Dole, bai kai kwalin sukari ba, ya ce kyauta ce. Tafinta ne: a soka masa wayoyin Hajja ta gefe guda, shi kuma ya fassara wa sabuwar tele ta ɗaya gefen. Kyauta ba a mayar da ita, Kyari ya karɓa fuska ba yabo ba fallasa. Aka haɗa, aka kunna, tilin-lin-lin.

Jama'a, ashe ciyawar nan koriya ce! Hoton ya baje ya cika bango, 'yan wasa suka yi faɗi kamar masu sayar da atamfa, amma launi ya fito ras. Nafisa ta yi guɗa. Mushe ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya daɗe yana kallon rigunan da Kyari ya zaɓa, waɗanda yake zaɓa tun suna da gajeren wando: ta Kyari ja, ta Mushe koriya. A tsohuwar tele ja da kore duk toka ɗaya ce, sai wanda ya kwana ya tashi da na'urar ne ya san cewa safar jajayen ta ɗan fi duhu. Mushe ya ɗauki manet ɗinsa. Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa a gaban yara. Mutumin da ya shekara talatin yana ba abokin gaba ƙwallo yau ya san nasa. Ya zura ɗaya. Kyari ya ce rana ce ke haska bangon. Ya zura ta biyu. Kyari ya ce sabuwar telen tana da nawa, sai ya danna ya gama dannawa sannan ɗan wasa ya tuna ya ɗaga ƙafa, wanda gaskiya ne, sai dai nawar ba ta hana Mushe komai ba. Da ta uku ta shiga, Mushe Bitrus, dattijo mai furfura a gemu, ya tashi ya zaga tabarma da gudu yana kiran sunan matarsa Esta wadda ba ta ma wurin.

Ana busa hutun rabin lokaci Kyari ya miƙe, ido jawur, ya ce wannan ba ƙwallo ba ce, zalunci ne, a koma tsohuwar tele inda gaskiya take. Mushe ya ce in an zare waya ai cin ya goge. Kyari ya ce Hajja ba ta mantuwa. Ya fizge wayoyi, ya rungume ta zuwa ɗakin ajiya, ya soka rawaya a rawaya, fara a fara, ja a ja, ya lalubo wayar wuta a ƙasa ya cusa mata. Wayar ba tata ba ce. Ta cajin fankar Nafisa ce, bakinsu ɗaya, ƙarfinsu ba ɗaya ba. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce ɗas. Wani siririn hayaƙi ya fito mata ta baya, ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba.

Mushe ya tsaya a bakin ƙofa, manet ɗinsa a hannu, wayar tana reto. Ya ce, "Kyari, kashe ta ka yi." Kyari ya rantse kuskure ne. Mushe ya ajiye manet a kan buhun hatsi a hankali, ya sa takalminsa, ya fita, bai ambaci Lahadi mai zuwa ba. Ko kuskure ne ko ba kuskure ba, mai rubuta wannan sanarwa ƙane ne, ba a taɓa barin shi ya taɓa manet ba balle a nemi ra'ayinsa. An kai ta wajen mai gyara a unguwar Zango, ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya rufe, ya ba Kyari hannu.

Marigayiya ta bar manet biyu, ɗaya maɓallinsa ya lotsa da babban yatsan Kyari. Kaset guda, maraya. Tsohuwar tele, wadda tun ranar take nuna yayyafi kawai. Da tafinta, wanda ya shiga aiki da rana ya rasa shi kafin la'asar. Ta kuma bar Yaya Kyari. Lahadin da ta wuce ya share zaure, ya hura gawayi, ya jera kofunan shayi biyu kamar kullum. Duk babur ɗin da ya shigo lungu sai ya ɗaga kai. Shayi na farko ya huce, ya zubar, ya dafa wani. Har aka kira magariba yana zaune, kuma wallahi ba na'ura yake tunani ba, kowa a gidan ya sani. Bai taɓa zama shi kaɗai ranar Lahadi ba, bai ma san yadda ake yi ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa bayan azahar, a zauren gidan Malam Ari. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya harare mu. Za a naɗe ta cikin zanen da ta zo da shi, a kwantar da ita a saman kabad a ɗakin ajiya, kusa da tsohuwar ƙawarta. Ba a buƙatar taro, ba a karɓar gudummawa, masu zuwa da shawarar a buga ƙwallo a waya su zauna a gida.

A ƙarshe, Yaya Kyari ya ce a rubuta wannan da manyan baƙi, kuma a karanta a fada a gaban kowa: wasan ƙarshe na marigayiya ya ƙirgu. An tashi uku da nema, Mushe Bitrus ne ya ci. An sauko da kofi daga ƙusa, an wanke shi da toka, an canza masa zare. Ba za a aika da shi ba. Mai shi ya zo da ƙafarsa ya karɓa, shayi na kan wuta.

Sanarwa daga Alkasum, ƙanin mai rashi, a madadin iyali.