Yadda Za Ka Kayar da Marigayiya a Wasan Kwamfuta

Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, matata Mubaraka ta rasu. Ta bar mini tukwane tara, akuya mai taurin kai, da fayil ɗaya a kwamfutata.

Fayil ɗin na wasa ne. Akwai manhajar da ake kira emuleta, mai sa kwamfuta ta kwaikwayi tsoffin injinan wasa. Wani ɗan mutum ke tsallake ramuka yana tsintar makullai. Ni, da na shekara talatin ina koyar da tarihi a Gwandu, ban taɓa wuce maki dubu talatin ba. Ita, da ta ce wasan marasa aikin yi ne, ta ce ta kai dubu tamanin da takwas, har ta naɗa a fayil. Na ƙi kallo. Na ce ƙarya ne har ta koma ga Allah.

Idan irin wannan ta same ka, bi matakan nan. Na yi maka alkawari: za ka yi nasara, kuma babu mai musa maka. Mai musun ba ta nan.

1. Ka san abin da ke hannunka

Fayil ɗin ba bidiyo ba ne. Lissafin yatsunta ne kawai: ta danna hagu a nan, ta yi tsalle a can. Emuleta ce ke sake buga wasan daga farko tana bin yatsun. Idan wani abu ya canza ko kaɗan, tsallen zai zo a inda babu rami, ramin ya zo a inda babu tsalle.

Masana na kiran wannan matsala. Mu gwagware muna kiransa dama.

2. Ka sabunta emuleta

Sauke mafi sabunta. Sa fayil. Zauna da kyau.

Ɗan mutuminta zai yi taku bakwai, ya yi tsalle a fili kamar wanda kunama ta harba, ya rungumi bango, ya faɗa ramin farko. Maki ɗari biyu! Na tashi na zagaya tsakar gida babu takalmi. Na gaya wa akuya. Na sake sawa sau goma sha ɗaya, kuma kowane karo marigayiya ta faɗa rami cikin ladabi.

3. Ka kira shaida

Nasarar da ba a gani ba, tarihi ba ya rubuta ta. Na san wannan, sana'ata ce. Na kira 'yarmu Delu daga gidan mijinta a Masama.

Ta kalla, ta gyara goyo, ta ce, “Baba, wanga ba wasan Inna ba ne. Matar da ke yanka albasa ba ta kallon hannunta ce za ta faɗa ramin farko?”

Ka guji 'ya'ya mata. Suna da ido.

4. Kada ka je Kalgo

Delu ta sa ni a mota. Akwai mai gyaran waya da kwamfuta kusa da kasuwa, Albarka, tsohon ɗalibina da na taɓa ba sifiri a jarrabawa. Yanzu gemunsa ya fara furfura, kuma bai manta ba.

“Malam, mi ka yi mata? Ka canza emuleta?”

“Na inganta ta.”

“To, ka faɗi jarrabawa. Da wadda aka naɗa, da ita ake kallo. Wasan ma ya zama shi ɗin dai, ba ɗan'uwansa ba. Sannan a kwashe ajiyar maki, inji ya tashi fes kamar ranar.”

Ajiyar makin nan ita ce allon da sunana ke sama, domin tun tuni na goge nata na ce wutar lantarki ce. Ya kwashe allon ya sa a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya miƙo mini da hannu biyu kamar takardar sakamako.

5. Idan an riga an gyara, ka rufe ido

Ni ban rufe ba.

Ɗan mutumin ya tashi da gudu. Rami, rami, makulli, rami. Albarka ya ajiye sukundireba. Mai sayar da fura ta leƙo, wani mai babur ya kashe inji. Shagon ya cika ana “Kai! Kai!” Ni ma na tsinci kaina a tsaye ina ihu, “Tsallaka, Mubaraka! Hagu, hagu!” Hulata ta faɗi, wani ya taka, ban damu ba.

A maki dubu sittin, ɗan mutumin ya shige wani lungu ya tsaya cak.

“Ya sake lalacewa,” in ji Albarka, ya kai hannu.

Na riƙe hannunsa. Na san tsayuwar nan. Ranar da ta naɗa wasan, ina zaure ina jin ƙarar maki na hauhawa, sai na ƙwala mata kira cewa akuya ta shiga rumbu. Akuya tana ɗaure. Ta ɓoye ɗan mutuminta, ta je ta duba, ta dawo.

Daƙiƙa arba'in. Na ƙirga su a tsakiyar shagon, mutane na kallona. Sai ɗan mutumin ya yi tsalle sau biyu a wuri ɗaya, babu rami, babu dalili. Haka take ɗaga gira idan ta kama ni. Sannan ya ci gaba.

Dubu tamanin da takwas da ɗari huɗu. Ashe ma rage mini ta yi.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da alhakin abin da zai biyo baya: hular da aka taka, dariyar tsohon ɗalibi, ko kallon da 'yarka za ta yi maka a mota daga Kalgo har Gwandu. Wanda ya tsaya a mataki na biyu zai ci gaba da zama zakara a gidan da babu kowa. Wanda ya wuce, shi ya jiyo.

Ni na bar tsohuwar emuleta yadda take, ba na barin kowa ya taɓa. Bayan la'asar nakan sa fayil ɗin. Idan ya kai wurin tsayuwar, ina da daƙiƙa arba'in kafin ta dawo, kuma kullum ina shirya maganar da ta fi wata shida tana jira:

Akuya ba ta shiga rumbu ba, Mubaraka. Kin fi ni.