Ranar da Na Jira Alminiyam Ya Yi Ja

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Alhaji Sule direban motar Kibiya ya kawo sandar alminiyam maƙerata a Rano, in tausasa ta da wuta don ta lanƙwasu.

Ya ce, "Malam, masu tukwane sabulu suke shafa mata. Da sabulun ya yi baƙi sai su sauke ta daga wuta."

Na ce, "Alhaji, ƙira gadona ce. Ƙarfe sai ya yi ja."

Na yi ta zuga. Ashe alminiyam ba ya yin ja. Ina kallo sandar ta malale cikin gawayi kamar kunu.

Alhaji ya leƙa, ya ce, "Ta tausasa kam."

Har yau direbobin Kibiya sai sun rage gudu a ƙofata: "Malam, ya yi ja kuwa?"