Mai Keken da Ya Ji Tsoron Tsatsa

Wani ne a Minna yana tuƙa Keke Napep, yana ɗaukar ɗalibai zuwa jami'ar da ke Gidan Kwano. Ran nan ya ɗauko wata ɗaliba, Destiny, tana ta haddar jarrabawa a baya. Ya ji tana cewa komai na duniya da 'yan sinadarai aka haɗa shi, har mutum, kuma a jinin kowa akwai ƙarfe.

Ya taka birki. "Ƙarfe dai ƙarfe, irin na rodi?"

"Shi ne, Oga. Akwai shi a jikinka yanzu haka."

Ga damina ta kankama. Mutumin ya dubi ƙasan kekensa da tsatsa ta cinye. Daga ranar ya daina wanka. Hadari na haɗowa sai ya sauke fasinja a tsakiyar hanya ya shige shagon mutane. Da safe kuma ya shafe gwiwoyinsa da baƙin mai, wai ya ji suna ƙara.

Fasinjoji suka fara gudunsa. Matarsa Mubina ta yi magana har ta gaji, ta koma ta roƙi Destiny ta zo ta warware abin da ta ƙulla. Destiny ta zo, ta ce ƙarfen ɗan mitsitsi ne, ai sinadarin da ke cikin gawayi ma ya fi shi yawa a jikin mutum nesa ba kusa ba.

Ashe ta ƙara ɓata lamarin. Ga baƙin mai, ga gawayi. Ya hana a kunna murhu a gidan, ya koma cin garin kwaki busasshe, don ruwan ma bai yarda da shi ba. Mubina ta ɗaure kayanta, ta ce gidansu za ta koma a Zungeru. Tana bakin ƙofa ya tashi zai tare ta, jiri ya kwashe shi.

A asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ya dubi sakamakon, ya toshe hanci, ya ce, "Malam, ƙarfen jininka ya ragu sosai."

Mutumin ya dafe ƙirji, ya juya wajen matarsa.

"Mubina, faɗa mini gaskiya. Ina barci kika bar 'yan jari bola suka shigo gidan?"