Yadda Za Ka Ɓoye Wa Surukinka Ramin Da Ke Kan Teburinsa

Idan surukinka kafinta ne, irin masu dasa duwatsu masu launi a jikin katako, kuma da hannunsa ya ƙera muku teburin falo, to wannan darasi naka ne. Musamman idan bayan shekaru kuna lulluɓe teburin da leda, jiya ka yaye ka ɗora butar shayi mai zafi, gam ya saki, koren dutsen tsakiya ya ɗago, ka je wanke shi ya sulale cikin bututun kicin. Kuma gobe tsohon zai zo. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin teburin zai gyaru, mutuncinka kuma zai fita ba ko ƙwarzane.

1. Kada ka gaya wa matarka

A gabanta babanta ya yi ta goge dutsen nan har yatsunsa suka yi kanta. In ta ji, kuka za ta yi, kai kuma ba ka da lokacin rarrashi. Ɗora tukunyar fure a kan ramin. Idan ta ce, "Kai kuma yaushe ka fara son fure?" ka ce tun kana yaro, ɓoyewa kake yi.

2. Kwance bututun

Ba za ka samu dutsen ba. Za ka samu cokalin da aka yi rigima a kansa bara, da wani abu baƙi da bai kamata ka tambayi sunansa ba. Mayar da bututun yadda ka same shi. Ba zai koma ba. Tara bokiti a ƙasa.

3. Nemi madadi

A nan masana sun rabu. Wasu sun ce koriyar alewa, don tana zama daram a ramin, ƙyallinta har ya fi na asali. Gaskiya ne, amma tururuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Wasu sun ce sabulu, don ya fi sauƙin sassaƙa. Jira ranar da za a goge teburi da jiƙaƙƙen tsumma ka ga dutse yana kumfa.

Ni shawarata gindin koriyar kwalba. Fasa, ka yi ta gogawa a siminti bayan gida har ya shiga. Za ka yanke a yatsu. Cikin aikin ne. In matarka ta ga bandeji, ka ce albasa ka yanka, ka bar ta da mamakinta.

4. Rage haske, ƙara surutu

Da ya iso, ja labule. Kai shi kujera mafi nisa. Tambaye shi gwiwa, tambaye shi hanya, ka kawo zancen yadda katakon yanzu ya lalace, wannan yana riƙe kafinta har shayi ya huce. Sai dai akwai abin da na manta ban faɗa maka ba tun farko: kafinta ba ya duba aikinsa da ido. Da tafin hannu yake gaisawa da shi, wani lokaci kafin ma ya gaisa da 'yarsa.

5. Tsaya cak

Zai tashi, ya ɗauke furen ya ajiye a ƙasa. Hannunsa zai bi ta kan shuɗayen duwatsun gefe, ya bi farare, ya zo kan kwalbarka ya tsaya. Kada ka yi tari. Kada ka ce "Ikon Allah!"

"Yaushe ya fita?" zai ce.

"Wa, Baba?"

"Na tsakiyan."

Matarka tana bakin ƙofa da faranti a hannu. Ka ce shekaranjiya. Muryarka za ta fito siririya, ba komai.

6. Karɓi hukunci

Zai sa hannu a aljihu ya ciro wani koren dutse, naɗe cikin tsumman da ya yi baƙi don daɗewa a aljihun.

"Da gangan na rage masa gam," zai ce. "Duk teburin da na yi wa 'ya'yana haka nake yi, don in ya faɗo a kira ni, in zo in wuni. Yayyenta duk sun kira tuntuni. Ku ne shiru."

Sannan zai dubi bandejin hannunka.

"Ashe ka gwammace ka yanka yatsunka da ka kira ni."

A nan kunya za ta kama ka tun daga wuya har tafin ƙafa. Ba ni da mataki a kan wannan. Ja masa kujera, ka riƙe masa kwalbar gam.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba kafinta ba ne, ba kuma surukin kowa ba ne. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka da matarka ne. Idan kuma ka lura wannan karon tsohon ya cika ramin da gam taf, ya danne dutsen da ƙarfinsa duka yadda ba zai sake faɗowa ba har abada, kada ka zo wurina. Ni teburi na yi alkawarin gyara maka.