Ranar da Na Raba Gishiri da Sukari

Tun Turawa na nan, ana gobe sunan ɗana na fari a Tudun Wada, gishiri ya zube cikin sukarin da aka tanada don kunun baƙi. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta dafe kai tana salati.

Lokacin ban daɗe da fara koyar da kimiyya ba, gani nake babu abin da zai gagare ni. Na gyara zaman hula na ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki. Ƙwayoyin gishiri ƙarfin lantarki ne ya ɗaure su, wutar murhu ba ta narkar da su. Sukari kuwa da ya ji zafi zai narke, mu tsiyaye abinmu."

Ta ce, "Boko ne ya ce haka?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Na juye duka a sabuwar tukunyarta, na iza wuta. Sukari ya narke kam, amma bai jira ni ba. Ya yi ja, ya yi baƙi ƙirin, ya rungume gishirin suka daskare tare. Ƙauri har bakin titi.

Washegari baƙi suka sha kunu lami.

Jaririn nan yanzu ya yi furfura, amma har yau in tuwo ya ƙone a gidanmu, sai ka ji mata suna cewa, "Malam ne ya shiga madafa?"