Ranar da Haliru Ya Gaida Dattawan Rawayya Sau Uku

"Ni in dai mota ce, Inna, tari ɗaya za ta yi in gaya miki abin da ta ci jiya."

Haka Haliru ya ce mini ranar da ya tsayar da ƙaramar jif ɗinsa a ƙofar gidana a Bungudu, yana kaɗa makulli a yatsa kamar mai kiran kaji. Ɗan ƙanwata ne, a hannuna aka yaye shi, don haka kada wani ya ce ƙage nake masa. Ni Tambaya shekara arba'in na yi ina matsar man gyaɗa, da ido nake gane abin da ke da mai a ciki da abin da tunkuza ce zalla. Haliru tunkuza ne, amma tunkuza mai babbar riga.

Duk iliminsa na mota wata uku ne da ya yi yana yanka tikiti a tashar Gusau. Daga nan ya naɗa wa kansa Injiniya. Mu a gida muka ƙara masa, muka ce Injiniyan Baki, don ba a taɓa ganin baƙin mai a hannunsa ba.

Shekara biyu ke nan da aka ba mu jihar kanmu, kowa a Gusau yana neman abin da zai nuna shi ma wani ne. Haliru ya sayar da gonar da ya gada, ya sayi jif 'yar Kwatano. Lissafinsa ɗaya ne. Manoman Rawayya duk kaka sukan zaɓi mutum guda su damƙa masa audugarsu ya kai kamfani, kuma wanda ya samu wannan ya samu abincin shekara. Mai neman abin tare da shi wani Bawa ne, mai tsohon keken da ko ƙararrawa ba shi da ita.

"Inna, ki duba fa. Dattawa su ga jif, su ga keke, sa'an nan su zaɓi keke?"

Na ce, "Dattawan Rawayya ba taya suke ƙirgawa ba."

Ya yi dariya irin ta wanda ya tausaya wa tsohuwa.

To, jif ɗin nan ba ita kaɗai ta zo ba. Biyar ne iri ɗaya, wani dillali Alhaji Mannir ya kawo su Gusau, kuma dukkansu hali ɗaya gare su kamar 'yan uwa ɗaya. Da safe birki garau. Da zarar rana ta yi, mota ta ɗau zafi, sai ka taka birki ya tafi ƙasa lagwab kamar ka taka cikakkiyar gwanda. Ɗaya daga cikin masu motocin ya shiga gidansa ba tare da an buɗe masa ƙofa ba. Wani ya je ɗaukar surukinsa a tasha, surukin ya ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga masa, ya wuce. Mutum huɗun suka haɗu suka rubuta takardar koke, suka zo wa Haliru da ita ya sa hannu. Alhaji Mannir ya riga ya amsa cewa wata 'yar roba ce a cikin birkin ta mutu, zai aika Kano a kawo, kowa ya ajiye motarsa a gareji kwana uku a canza masa.

Ina zaune aka yi. Haliru ya karanta takardar yana taɓe baki, ya miƙa musu abarsu.

"Ba birki ba ne, ƙafa ce. Ku da kuka tashi daga jaki kuka faɗa jif, ina za ku san yadda ake taka birkin Turawa? Lallashinsa ake yi."

Ɗayansu ya ce, "Injiniya, taka ba ta yi maka ba?"

"Tawa ta san mai ita."

Da suka fita na tambaye shi gaskiyar magana. Ya rage murya ya ce ai ba zai yiwu mutanen Rawayya su shigo Gusau su ga motarsa a gareji da baki buɗe ba. Kun ji ciwon. Ba mutuwa yake tsoro ba, a gan shi yake tsoro.

Bayan kwana biyu ya ce zai kai ni Tsafe sayen gyaɗa. Da ma ban taɓa ƙin motar banza ba. Muna gangarowa wajen Kwatarkwashi na ga ƙafarsa tana sama tana ƙasa kamar ta maɗinki a kan keken ɗinki.

"Mi kake takawa haka?"

"Lallashi ne, Inna."

"To ka lallashe shi da sauri, ga tirela can."

Allah ya sa tirelar ta fi mu hankali. Muka isa Tsafe, na sayi gyaɗata, na sa shi dole ya tsaya wurin Ɗahiru bakanike, wato ya yi ta rage giya har motar ta gaji ta tsaya don kanta. Ɗahiru ya leƙa ƙarƙashi, ya buɗe ɗan tulun man birki, ya ce, "Alhaji, babu ko ɗigo. Roba ta mutu, duk abin da ka zuba zubewa zai yi. Bar ta nan zuwa jibi."

Haliru ya ce, "Kai yaushe ka fara gyara?"

"Shekara goma sha tara."

"Shi ya sa. Tsohon ilimi gare ka."

Ya aika aka sayo masa omo, ya dama da ruwa a kwano, ya ɗura a tulun. Wai haka ya ga direbobin manyan motoci suna yi a tasha. Ɗahiru ya dube ni ya ce, "Hajiya, da kin bi motar haya." Na ce masa gyaɗata na ciki, inda ta mutu nan zan mutu.

Abin haushi, sai ruwan omon ya kai mu gida. Wawa dai in dabararsa ta ci sau ɗaya, to ka shiga uku da shi. Kwana uku Haliru yana zagaya Gusau yana ba da lacca. Har gareji ya je ya tarar da mutum huɗun nan zaune a benci suna jiran motocinsu, ya ce musu in sun gaji da zama su zo ya koya musu. Duk inda ya tsayar da motar sai ka ga kumfa a ƙasa kamar an yi wanki.

Ranar da dattawan Rawayya suka sa za a yanke magana, bayan azahar ya zo gidana. Na fito na tarar da shi tsugune gaban jarkata, ya cika kwalba da man da na matse da asuba.

"Wa za ka yi wa tuya?"

"Omo ya yi ruwa da yawa, Inna, shi ya sa yake gudu. Wannan kuwa da kauri. Ai mai mai ne."

"Nawa na ƙosai ne."

"Na Turawan ma daga tsiro ake yinsa, ba ki sani ba ne."

Ya ɗura. Ya kuma ce in shirya in raka shi, don a Rawayya na yi aure na fari kuma har gobe dattawan can suna ganin girmana. Na shiga gaba. Sai na ji wani abu a ƙarƙashin ƙafata, na duba, dutse ne kamar kan jariri.

"Wannan fa?"

"Ko da za a buƙata. In na ce miki yanzu, sai ki buɗe ƙofa ki jefa shi gaban taya."

"Birkin hannun fa?"

Ya ce ya tsinke shekaranjiya garin gwaji. Na ce masa ni da jefa dutse sai a Mina in Allah ya kira ni.

Yanzu ku tsaya in gaya muku yadda Rawayya take, don a nan maganar take. Bayan la'asar dattawa sukan zauna a gindin wata ceɗiya kusa da masallaci, a bakin filin da ake tara auduga. Duk wanda ya zo, ko kan jaki yake ko kan raƙumi, tun daga nesa zai sauka, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna ya gaishe su, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ko hakimi ya zo sai ya sauka. Wanda ya wuce su a kan abin hawa, to ya zage su ne, kuma sai jikokinsa sun ji labari.

Muna shiga gari motar ta ɗau ƙamshi. Wallahi kamar ana suyar ƙuli-ƙuli a cikin injin. Hanya ta ɗan gangara zuwa filin. Na hango dattawa sun kai goma sha biyu a kan tabarmi, Malam Muhammad Sani shugaban manoma a tsakiya, Bawa kuma tsugune a gefe, kekensa jingine can nesa da takalmansa a ƙasa. Haliru ya gyara hula, ya taka birki. Na ji ƙafarsa ta daki ƙarfen ƙasa.

"Inna, yanzu."

"Yanzu mi?"

Kaji suka shiga gabanmu, ya danna hon. Ku duba fa, hon, a gaban dattawa. Ya leƙa ta taga ya ɗaga hannu ya ce, "Salamu alaikum," kafin ya rufe baki mun bar su a baya. Ba wanda ya amsa.

Na ce, "Kashe ta."

"Batir ba ƙarfi. In na kashe sai an tura. A tura ni gaban Bawa?"

Ya murɗa sitiyari muka zagaya filin, muka bi bayan masallaci, muka sake fitowa ta kan gangaren. Wai wannan karon zai kama ta da giya. Giyar ta yi ƙara kamar ana niƙan tsakuwa, ta ƙi shiga. Muka sake nufo ceɗiya. Haliru ya cire takalmi ɗaya ya ɗaga ta taga, don a ga dai ya tuɓe.

"Ina wuninku, Baba."

Muka wuce. Na ga Malam Muhammad Sani ya juya mana ƙeya, sauran ma suka juya.

A zagaye na uku mata sun fito ƙofar gida, masu awo sun bar sikeli. Na leƙa na ce da ƙarfi, "Ba shi da birki." Haliru ya miƙo hannu yana murɗa gilashina sama, yana cewa, "Inna, kada ki tona mini asiri." Ta tasa tagar kuma ya ce, "Yaya iyali, yaya gajiya," shi ke tambaya, shi ke amsa wa kansa da lafiya lau.

Nan na ga in na biye masa a nan za mu yi magariba. Na kama makulli na murɗe, na zare, na jefa a cikin zanena. Injin ya mutu, motar ba ta mutu ba. Ta ci gaba da gangarawa shiru kamar mai sanɗa, sitiyari ya yi tauri, ta nufi tulin audugar da mutanen gari suka kwana bakwai suna tarawa. Muka shige ciki har gilashi. Duniya ta yi fari.

Ni aka fara jawowa, ko ƙwarzane babu. Sa'an nan Injiniya ya fito, auduga a gemu, auduga a hula, auduga a hanci, takalmi ɗaya a hannu, kamar tunkiyar da ta yi rigima da mai aski. A ƙarƙashin motar kuwa lagireto ya fashe, ruwan tsatsa da man gyaɗata sun jiƙa audugar mutane.

Ya kakkaɓe riga ya dubi jama'a ya ce, "Da ma nan na yi niyyar tsayawa. Mai sayen auduga ai sai ya duba cikinta."

Malam Muhammad Sani bai ko dube shi ba. Ni ya yi wa magana.

"Tambaya, sannu da zuwa. Wanga da kinka zo da shi, ɗan wa ne?"

Ya san shi sarai, shi ya yi masa huɗuba ranar suna. Na ce, "Malam, ni ma yau ban gane shi ba."

A nan take aka ba Bawa audugar shekara. Wadda ta ɓaci kuma aka ware ta gefe aka ce ta Haliru ce, tunda shi ya duba cikinta.

Saura fitar da mota. Ba wanda ya yarda ya tura. Sai wani Bafulatani mai suna Manu, da ke noma a bayan gari, ya kawo shanun huɗarsa biyu, aka ɗaura igiya, aka jawo ta da baya, aka juya ta. Haliru ya shiga ya kama sitiyari, ya ce a bi ta bayan masallaci. Manu ya ce shanunsa hanya ɗaya suka sani.

Muka hau gangaren a hankali, Manu a gaba, ni a ƙasa ina biye. Muna isa daidai ceɗiya, ba wanda ya ce musu komai, shanun nan suka ja suka tsaya cak. Shekara shida ke nan kullum a nan Manu yake tsayawa ya gaida dattawa, har abin ya zauna musu. Motar ta fara ja da baya, sai na buɗe ƙofa na ɗauko dutsen nan na sa a bayan taya. Amfaninsa dai ya zo.

Manu ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Haliru yana zaune a cikin jif, ya rasa inda zai sa ido.

Malam Muhammad Sani ya amsa gaisuwar Manu har ƙarshe, ya tambayi iyali, ya tambayi garke. Sa'an nan ya dubi shanun, ya dubi Haliru, ya ce, "Manu, in kun kai Gusau ka bar mashi bajimin ga na dama kwana biyu. Shi koya mashi tuƙi."