Hular Surukina

Ko yau na tuna ranar nan a Kalgo, sai raina ya ɓaci, ba zan taɓa mantawa da ita ba. Zamanin Turawa ne, na fito makarantar midil da 'yan Turancina, aka ɗauke ni tafintan wani Baturen gona a Gwandu. Ina tafe ina hura hanci (har biro nake soke wa a aljihu ko ba abin rubutawa).

Muka je Kalgo nuna wa manoma garmar shanu. Babban cikinsu Malam Bawa ne, mahaifin Hajo, yarinyar da nake nema. Na ce yau surukina zai ga aikin boko.

Da Bature ya gama bayani, Malam Bawa ya ce su da kalme, wato fartanya, suka gaji noma, da ita za su ci gaba. Na fassara. Bature ya yi murmushi ya ce, "That's old hat."

Na dubi kan Malam Bawa. Hula ce kuwa ta ƙoƙe, bakinta duk ya zare.

"Mi yac ce, yaro?" in ji Malam Bawa.

Maimakon in yi tambaya, sai na gyara murya yadda kowa zai ji: "Baba, ya ce hularka ta tsufa."

Dattijon ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya tafi, manoma suka bi shi. Aka bar mu da shanu.

Da na gaya wa Bature abin da na faɗa, fuskarsa ta yi jawur. Wai maganar ba ruwanta da hula, nufinta abu ya zama tsohon yayi, an daina. To don Allah wane irin harshe ne wannan? Kana zancen kalme, me ya kawo hula? Kuma ni ya yi wa tsawa!

Wautar ba ta ƙare ba. Na sayi sabuwar hula na kai wa Malam Bawa don ban haƙuri. Ya juya ta a hannu ya ce, "Ashe kai ma ka ga ta tsufa." Tsohuwar hular kuwa ta mahaifinsa ce marigayi.

Sai da kawuna ya yi ta sintiri tsakanin Gwandu da Kalgo kafin a ba ni Hajo. Tun daga nan, in Bature ya yi magana na ga na gane ta da wuri, sai in kama bakina in sake tambaya.